Godiya bayan ruwan da ya shiga ɗakin faya-fayanmu

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, kwalin ƙarshe ya koma kan kanta. Duk wanda ya bi wannan lamari tun daren da iska ta yaye kwanon ɗakin ya san abin da aka sha, ba sai na maimaita ba, jikin ma ba zai bari ba. Godiya ce ta sa na rubuto, a madadina da sauran 'yan'uwa da muka haɗa faya-fayan CD ɗinmu na kiɗan fim a wuri guda, a ɗakin da ruwan ya shiga ya jiƙa su da littattafansu.

Na san ba a cika son kama suna a irin wannan ba, amma yau sai an yi mini haƙuri. Hajiya mai ƙanƙara ta bayan layinmu, Allah ya saka miki da alheri. Da asuba aka buga mata ƙofa, aka ce ana neman aron firiza don a saka takardu jiƙaƙƙu. Ba ta tambayi wace irin takarda ba ce. Ta sa yara suka kwashe zoɓo da kunun aya da ta ƙulla na sayarwa, suka rarraba wa maƙwabta tun kafin ya narke, ta ce, "Ɗana, ku zuba, in wuta ta ɗauke ga janareta can." Cinikinta ta ajiye saboda kayan da ba ta taɓa jin sautinsu ba. Da muka kawo maganar biya, kallon da ta yi mana ya isa.

Da yawa sun yi mamakin firizar. Littafin da ke cikin gidan faifai da takarda mai sheƙi ake buga shi, wadda aka shafe fuskarta da wani sinadari. In ta jiƙe ta soma bushewa a rufe, shafuka sai su manne da juna, kuma in sun manne ba sa rabuwa sai da yagewa. Ga kuma funfuna, wadda a zafin damina cikin kwana 2 take fara fitowa. Daskarewa ba ta busar da komai, tsayar da ɓarnar kawai take yi har a samu hannu. Ana saka kowane littafi a ledarsa yana jiƙe. Bayan nan a riƙa ciro kaɗan-kaɗan, a bari ƙanƙarar ta saki, a buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya da siririn roba mai laushi, a sa takardar kakin zuma a kowane tsakani, a kunna fanka ta riƙa kaɗawa a ɗakin ba kai tsaye a kansu ba. Sai sun kusa bushewa ake danne su da abu mai nauyi. Rana ba ta cikin wannan aiki ko kaɗan: tana lanƙwasa takarda, tana kashe launi. Jarida ma ba a sa ta a tsakani, tawadarta tana zuba.

Wani zai ce ai takarda ce kawai, tunda faifan na nan. A cikakken bugu ba haka ba ne. A da, kundin kiɗan da ake fitarwa lokacin da fim ya fito yawanci minti 30 zuwa 40 ne. Faifan garmaho ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 20 da 'yan kai a kowace fuska, sannan a Amurka ƙungiyar makaɗa ta AFM tana da ƙa'idar sake biyan makaɗa in za a sayar da abin da suka kaɗa wa fim a matsayin kundi, kuɗin kuma yana ƙaruwa da yawan mintuna. Shi ya sa a lokacin ake yanke gaɓoɓin kiɗan, a haɗa biyu ko uku su zama ɗaya, a sauya jerinsu, wani lokaci ma a sake kaɗa kundin gaba ɗaya daban da abin da aka ji a fim. Cikakken bugu shi ne wanda aka koma rumbun kamfani aka ɗauko tef na asali, aka jera kowace gaɓa yadda take a fim, aka ƙara waɗanda aka ɗauka ba a yi amfani da su ba. Littafin ne ke gaya maka wace gaɓa ce darakta ya cire, wacce ce ɗauka ta farko, daga wane tef aka samo kowanne, kuma me ya sa wani wuri sauti ya koma na lasifika ɗaya. In babu shi, a akwati mai faifai da yawa, faifai na huɗu da na biyar sai su zame maka maimaici, alhali a nan ilimin yake.

Kuma ba a shiga kasuwa a sake sayo su. Kamfanonin da ke buga su, La-La Land da Intrada da Varèse Sarabande a Amurka, da Quartet a Sifaniya, ƙididdigaggen adadi suke bugawa, kwafi 1000, 3000, wani lokaci 5000, gwargwadon lasisin da suka samu. In ya ƙare ya ƙare, sai a hannun masu sayar da na hannu, a farashin da suka ga dama, ga kuɗin aikowa ga canjin dala. Kamfanin Film Score Monthly kuwa ya tsaya a kundi na 250, ba ya fitar da sabo.

Wannan ya sa lokacin da aka zo kan akwatin kiɗan fim ɗin Ben-Hur, wanda Miklós Rózsa ya tsara, mai faifai 5 da wannan kamfani ya fitar a 2012, ɗakin ya yi tsit. A kanta ta ƙasa yake, ruwan da ya kwana a kansa kuma jajawur ne da laka. Malam mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, wanda ya rufe shagonsa ya zo, shi ya karɓa daga hannuna don ya ga hannun na rawa. Ya wanke faifan farko, ya ɗaga shi saitin fitila yana juyawa a hankali. Abin da ake tsoro shi ne a ga haske yana ratsowa faci-faci, ko gefen ya yi duhu, alamar ruwa ya kai ga alminiyam ɗin ciki. Ba mu ga komai ba sai 'yan ɗigo biyu ƙanana irin waɗanda faifai ke fitowa da su tun daga masana'anta. Duka biyar haka suka fito. Malam, Allah ya ƙara wa hannunka albarka.

Ga yadda ya tsara mana wankin, don wanda Allah ya jarrabta da irin wannan. Kaurin faifan CD milimita 1.2 ne, kusan duka roba ce. Sautin yana can sama, dab da fuskar da ke da rubutu, ba abin da ke kare shi sai siririn alminiyam da ɗan fenti. Mutane suna lallaɓa fuska mai sheƙi su yi sakaci da ta rubutu, alhali ƙarzuwar ta rubutun ce ba ta da magani. Kada a goge faifai yana da laka, yashin ne zai zana shi. A fara ɗauraye shi da ruwa mai tsabta, a sa ɗigon sabulun wanke-wanke in akwai maiƙo, a gama da tataccen ruwa don kada ya bar tabo. Ba a jiƙa shi a bokiti, domin ta gefe ruwa ke shiga. A goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, a miƙe, ba zagaye ba: layin sauti zagaye yake tafiya, zanen da ya bi shi yana cinye dogon wuri, wanda ya gitta shi kuwa na'ura tana iya cike gurbinsa. A jingine shi a tsaye ya sha iska. Fetur da kananzir da tina suna cin robar, kada a kusanto da su. Gidan roba a wanke a mayar. Gidan kwali ne matsala, gam ɗinsa yana saki, kuma a nan muka fi yin asara.

Autan gidanmu da abokansa ɗalibai su suka ɗauki aikin kwamfuta, dare bayan dare. Kowane faifai sai da suka kwafe shi da manhajar Exact Audio Copy a tsarin karatu mai tsauri, suka gwada da AccurateRip, rumbun intanet da ake tantance kwafi da shi. Wasu bugu masu ƙarancin kwafi ba sa cikin wannan rumbu, sai a karanta faifan sau biyu a gwada lambobin tantancewa. In sun dace, kwafin ya inganta. An ajiye su a FLAC, tsarin da ba ya rage ingancin sauti, kusan megabait 300 kowane faifai, a had dis biyu, a gida biyu daban. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku sa'ar karatu.

Asara akwai. Littattafan da aka tarar sun riga sun soma bushewa sun manne, ba yadda aka iya. Wasu faya-fayan da aka ƙona a kwamfuta fatarsu ta ɓare. Wani ɗan'uwa da ke karatu a Ingila ya ɗauki hoton shafukan nasa kwafin ɗaya bayan ɗaya ya turo mana, mun gode ƙwarai. Baba maigadi da ya fara jin ƙarar kwano ya tashe mu, kafinta da ya hau rufi ana yayyafi, matan gida da suka ba da zannuwa aka shimfiɗa, duk kuna cikin addu'armu.

Akwai na jiki da muka sa ran gani, gidansu bai kai tafiyar minti goma ba, ko a waya ba mu ji su ba. An ce wai kayan kiɗan Turawa ne, ba abin jaje ba ne. Ɗakin dai a gidanmu yake, kwanon da ya tashi kuma na gidanmu ne. Allah ya sa lafiya ce ta ɓoye su.

Ya Allah, duk wanda ya kawo hannu, ko tsumma, ko litar mai, ko kalma mai daɗi, ka saka masa da mafificin alheri. Ka rufa musu asiri duniya da lahira, ka tsare gidajensu daga ruwa da wuta da iska, ka albarkaci sana'arsu, ka shirya musu zuri'a, ka jiƙan iyayensu. Hajiya, Allah ya ninka miki abin da kika rasa, ya sa ki sake taka ƙasa mai tsarki, ya sa Aljanna ce makomarki. Amin summa amin.

Kantocin yanzu an ɗaga su rabin mita daga ƙasa, an janye su daga bango, kowane akwati da ƙullin silika mai tsotse danshi a ciki. Waɗanda suka tafi da littattafai gida don ƙarasa busarwa, don Allah kada ku cire abin dannewa sai takardar ta daina sanyi a bayan hannu. In kun ji warin funfuna ku ware wannan littafin daban, ku kira mu kafin ku dawo da shi.