Ga jirginmu muna kallo, wai an rufe kanta

Tun watan Janairu nake son rubuta wannan abin amma duk na ɗauko waya sai raina ya ƙara ɓaci in aje. Yanzu dai na huce, kuma jiya wani abokina ɗan Jega ya turo mini takardar tafiyarshi ta Umara wai in duba mishi, ina buɗewa na ga irin ramin da na faɗa shi ma ya nufa, to bari in faɗi nawa.

Inna ce ke fama da gwiwa shekara da shekaru, munka haɗa kuɗi ni da yayyena aka samo mata ganin likita a Alƙahira, ni aka ce in rakata tunda ni ne mai ɗan turanci a gidan. Wani ejan ya yi muna komai, ya miƙo takarda guda mai kyau da kala, sama an rubuta Birnin Kebbi zuwa Abuja ƙarfe 10:30 na safe, ƙasa Abuja zuwa Alƙahira ƙarfe 2:30 na rana. Na lissafa da yatsa, tafiyar Abuja awa ɗaya ce da 'yan mintoci, mu sauka wajen 11:40, saura kusan awa uku, na ce ai har sallar azahar za mu yi a natse mu ci abinci. Yaya babba ya ce ku dai tafi tun jajibiri ku kwana can, na ce haba Yaya kuɗin otal a Abuja wasa ne, ga tasi ga abinci, mu da ke tattalin kowace naira saboda asibiti. Ya yi shiru, shi dama ba mai ja-in-ja ba ne.

Abinda ban sani ba, takardar ce guda amma tikiti biyu ne, kamfani biyu da ba su san da juna ba. Ejan ya saya daban daban ya jera su a shafi ɗaya don ya yi kyan gani. Ban ce ya cuce mu ba, jiragen cikin gida da yawa dama ba su da haɗin tikiti da na waje, dole a raba, laifinshi dai bai buɗe baki ya gaya mini ba, ni kuma ban tambaya ba.

Ranar tafiya tun 8 muna filin jirgin Sir Ahmadu Bello can wajen Ambursa. Hazo ya sauka irin na tsakiyar hunturu, ko itacen da ke tsallaken titi ba ka gani sosai. Jirgin da zai ɗauke mu daga Abuja zai taso, kuma ba zai taso ba sai an ce mishi ana ganin hanyar sauka. 10:30 ta yi shiru. 11 ta wuce shiru. Inna na zaune cikin keken marasa lafiya da tazbaharta, ta ɗago ta ce "Kai, wanga jirgi lahiya dai?" na ce lafiya lau Inna yanzu zai zo, alhali cikina ya gama ɗurar ruwa. Sai 12:10 munka tashi.

Jinkirin awa ɗaya da minti arba'in ne fa kacal, wanda duk mai hawa jirgi a ƙasar nan ya san wannan ko labari ba a bayarwa a kanshi, mutane na kwana a filin jirgi. Amma ni awa ukun da nake taƙama da ita ashe ba awa uku ba ce. Kantar awon kaya ta jiragen waje yawanci awa ɗaya kafin tashi ake rufe ta, wato 1:30 ne lokacina na gaskiya ba 2:30 ba. Cire wannan. Sannan tunda tikiti daban ne babu mai wuce maka da kaya, sai ka tsaya bakin bel ka jira akwatinka ya fito, ka ɗora a kura, ka fita daga ɓangaren jiragen gida ka nufi ginin na waje, a bincike ka a ƙofa, ka bi layi. Ga mai keke ana jira kowa ya sauka kafin a sauko da ita. In ka tattara duka, rarar da ke hannuna tun farko ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba, ni ina ta hangen uku.

Mun sauka 1:15, kaya sun fito wajen 1:40, na turo Inna ina gudu ina haki wani yaro na biye da akwatuna, 1:55 muna gaban kanta. Babu kowa sai wata ma'aikaciya tana tattara takardu. Na yi turanci na yi magiya na nuna Inna na nuna takardar asibiti, wani bahaushe cikin ma'aikatan ya matso ya ce "Alhaji ka yi haƙuri, wallahi an rufe, ko ni ba ni da ikon buɗewa." Kuma jirgin na nan ƙasa bai tashi ba, sai da munka ƙara fiye da rabin awa muna zaune kafin ya ɗaga. Wannan zaman shi ya fi ci mini rai.

A ofishinsu aka yi mini bayanin da ya kamata in ji tun a gida. Da a ce tikiti ɗaya ne tun daga Kebbi har Alƙahira, lamba ɗaya, to makarar tasu ce, su za su sa mu a jirgi na gaba ba ko sisi, wani lokaci har da masauki. Amma a wurinsu mu fasinjojin Abuja ne da ba su zo ba, ko daga Kebbi muke ko daga Gwagwalada ba ruwansu. Akwai tarar rashin zuwa, akwai cikon kuɗi tunda kujerar mai sauƙi da munka saya ta ƙare sai mai tsada, kuma abinda ya fi tada mini hankali, wai in ba a gyara ba har tikitin dawowarmu kwamfuta za ta soke da kanta, haka tsarin yake in ka tsallake zangon farko sauran sun bi ruwa.

Na koma wajen masu jirgin gida da zafina. Mutumin ya saurare ni tsaf ya ce Abuja munka ce za mu kai ku kuma ga ku a Abuja, hazo kuma ba mu munka kawo shi ba. Na je teburin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, masu karɓar koken fasinja, sun karɓe ni da mutunci, sai dai dokarsu a kan tikitin da aka yi wa jinkiri take magana, abin sha ne ko maido maka kuɗin wannan tikitin in jinkirin ya yi tsawo, ba wanda zai biya maka jirgin wani kamfani da ka rasa.

Kwana uku munka yi a Abuja kafin a samu kujera biyu. Otal ɗin da na ƙi biya na dare ɗaya na biya na uku, ranar ganin likita ta wuce sai da aka sake roƙo aka ba mu wata, abinda aka kashe a gyaran tikiti kuwa ba zan rubuta ba don Yaya na karanta shafin nan. Da na kira shi a daren ko "ai na gaya maka" bai ce ba, tambaya ɗaya ya yi, Inna ta ci abinci? Da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi.

Yanzu duk wanda ya nuno mini takarda abu na farko da nake dubawa shi ne lambar bukin, haruffa da lambobi guda shida ɗin nan. In ta zangon farko daban ta na biyu daban, tikiti biyu ne. Wani ejan ɗin ma yana iya cusa su ƙarƙashin lamba guda, to sai ka duba doguwar lambar tikitin mai lamba 13, ukun farko na kamfanin da ya fidda shi ne, in ka ga dogaye biyu mabambanta kowanne da farkonshi to ciniki biyu ka yi. Ka tambayi ejan kai tsaye, in na farko ya makara wa zai ɗauki asarar? In ya fara ai insha Allahu ba zai makara ba, ka samu amsarka.

Nawa ya kamata a bari tsakani, mutane na cewa awa huɗu ko shida. Wataƙila ga mai tasowa daga Legas zuwa Abuja inda in wannan ya ƙi akwai wani bayan awa ɗaya. Mu nan jirage ba yawa ne da su ba, in na yau ya fasa sai gobe ko jibi, kuma ba ka cewa bari in bi mota, Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora har ka dangana da Abuja wuni ne cur, in hanya ta yi kyau kenan. Ko ka ruga Sakkwato neman wani jirgin awa biyu ta tafi a hanya. Don haka ni lissafina ba na awa ba ne, na kwana ne, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin hazo, kuma in akwai tsoho ko mara lafiya a tafiyar ba na ma tsayawa shawara. Wanda jirginshi na waje daga Legas zai tashi nashi ya fi, don can tsakanin tashar jiragen gida da ta waje sai ka shiga mota, ga cunkoson Ikeja.

Abokina na Jega nashi har da ƙari, wai ya samu mai arha, tikiti ɗaya zuwa wata ƙasa sannan wani daban daga can zuwa Jidda. Na ce to kayanka fa? Sai ka wuce imigireshan na ƙasar ka ɗauko su ka sake awo, kuma da koren fasfo ɗinmu wurare da yawa ba biza ba fita, wani lokaci tun nan gida kamfanin farko zai hana ka hawa don a takardarsu can ce ƙarshen tafiyarka. Ga kilo, na waje ya ba ka jaka biyu mai 23 kowace, na gida ya ce bai san zancen ba sai ka biya rara. Ya ce bari ya koma wajen ejan ɗin nashi, ban dai ji yadda sunka ƙare ba.

Watan jiya munka koma a sake duba gwiwar Inna. Wannan karon tun ana gobe munka tafi, kuma kamar da gayya jirgin Kebbi ya tashi a kan minti, kafin azahar muna Abuja ba abin yi sai kallon silin a ɗakin otal har washegari. Inna ta kwance ƙullin dambun kifinta tana ci, ta dube ni ta ce "To yau kuma mi muka jira?" Na ce jirgi Inna. Ta ce "Wancan karon shi yat tahi ya bar mu, yanzu mu munka riga shi da kwana guda, kai dai ba ka iya daidai ba." Ta miƙo mini dambun.