Ƙarfen da ya riƙe ƙafar Yayana

Ranar da kabu-kabu ya kayar da Yaya a Zango, ƙashin ƙwaurinsa ya fasa fata ya fito. Inna ta ce a kai shi wurin maɗori, na ƙi.

Lokotoro ya ce ba a rufe irin wannan karaya da filasta, ciwon zai ruɓe. Sai suka huda ƙashin da kusoshi huɗu, suka haɗa su da sandar ƙarfe ta waje, yadda za a riƙa wanke ciwon.

Kuɗin kuwa, raguna biyu na Baba suka tafi, har da keken ɗinkina. Ban yi nadama ba.

Kullum da asuba ni ke goge bakin kusoshin, ina duba ko ruwa ya taru. Jiya Yaya ya taka har ƙofar gida da sanda.