Gobin da ya cinye maƙwabtansa

Ƙannena masu sha'awar ajiye kifi a tankin gilashi, kada ƙanƙantar kifi a shago ta ruɗe ku kamar yadda ta ruɗe ni ranar da na sayi gobi mai zanen marmara, wanda masana ke kira Oxyeleotris marmorata. Tsawonsa a lokacin bai wuce ɗan yatsa ba, na kuwa saka shi a tanki mai cin lita 60 tare da ƙananan kifayen ado goma sha biyu, ban ko tambayi abin da yake ci ba.

Asalinsa kudu maso gabashin Asiya ne, a kogunan Mekong da Chao Phraya da ruwayen Malesiya da Indonesiya, inda ake masa laƙabi da malalacin kifi saboda yakan wuni kwance a ƙasa ko motsi ba ya yi. Ashe wannan kwanciyar kwanton ɓauna ce, domin da dare yake farauta, idan ƙaramin kifi ya gitta sai ya wangame baki ya zuƙe shi tare da ruwa. Kowace safiya sai in tarar kifi ɗaya ya ɓace, har na ɗora wa kyanwar gidanmu laifi, baiwar Allah, sai da na haska tocila wani dare na ga wutsiya tana leƙowa daga bakinsa. Saboda haka ku ajiye shi shi kaɗai, ko tare da kifin da ya fi ƙarfin bakinsa.

Na kuma shimfiɗa masa tsakuwa mai kaifi wadda ta ƙuje masa ciki, alhali yashi mai laushi yake so da guntun bututu inda zai ɓuya.

Kuskuren da ya kusa kashe shi kuwa shi ne yawan abinci. Ganin ba ya motsi, na zaci yunwa ce, na riƙa zuba masa jatan lande da rana, ragowar ta ruɓe, ruwa ya gurɓace har numfashi ya yi masa wuya. Ku ba shi kaɗan bayan magariba, sau biyu ko uku a mako in ya girma, ku kwashe abin da ya bari, ku sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako. Kifin ƙasar zafi ne, don haka da hunturu ku sa na'urar ɗumama ruwa ta tsaya wajen digiri 26.

Kafin ku biya kuɗinsa, ku sani yana iya haura santimita 60. Nawa bai kai rabin haka ba na sayar da kekena na sayi tanki mai cin lita 400.