Shawara ga Mai Son Koyar da Haƙƙin Ɗan Adam a Jami'a

Matakan a bayyane suke: digirin farko a fannin shari'a, digiri na biyu, sannan digirin digirgir, wanda kan ci shekara uku zuwa huɗu ga wanda ya duƙufa a kansa. Daga nan ƙarin girma ya ta'allaƙa ga maƙalun da ka buga a mujallun da masana ke tacewa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne raba haƙƙin ɗan Adam da dokokin da suka tsara ikon gwamnati, wato tsarin mulki da dokar gudanar da hukumomi. Sai ka ga ɗalibi ya kafa hujja da Yarjejeniyar Haƙƙoƙin Farar Hula da Siyasa ta 1966 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta soma aiki a 1976, alhali bai bincika abu uku ba. Ƙasar da yake nazari sa hannu kawai ta yi, ko ta amince da ita a hukumance? Akwai sassan da ta keɓe ta ce ba su hau kanta ba? Kotunanta na aiki da yarjejeniya kai tsaye, ko sai majalisa ta mayar da ita dokar ƙasa, kamar yadda ake yi a Birtaniya? Idan aka tsallake waɗannan, mai tace maƙalar zai mayar da ita tun daga shafin farko, kuma yana da gaskiya.

A aji ma haka. Kada ka tsaya a kan cewa sashe na 19 na wannan yarjejeniya ya kare 'yancin faɗar albarkacin baki. Ka ɗauko hukuncin kotu guda, ka sa ɗalibai su auna shi da sakin layi na uku na sashen, wanda ya gindaya sharuɗɗan taƙaita wannan 'yanci: taƙaitawar tana cikin doka? Manufarta na cikin waɗanda aka halatta? Ta zama dole kuwa? Sannan ka nuna musu sashe na 4, su ga cewa ko a dokar ta-ɓaci ba a jingine haramcin azabtarwa da bautar da mutane.

Idan bincikenka ya haɗa da hira da waɗanda aka zalunta, nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike kafin ka fita, ka sami yardar waɗanda za ka yi hira da su, ka sakaya sunayensu. Cire suna kaɗai bai isa ba. Ambaton sana'ar mutum da unguwarsu na iya tona shi ga wanda ya cuce shi, don haka su ma a sauya su ko a cire.