Baffa da tekun da bai taɓa gani ba

Laraba, bayan isha'i.

Tun la'asar maganar Baffa ta ƙi barin raina.

Na kai masa maganinsa na hawan jini, na tarar da shi a zaure yana tsince irin gero a faifai, rediyo na karanta hasashen daminar bana na NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya. Ya rage murya ya ce, "Wai su waɗannan, ta ina suke leƙa sama?" Ni kuma da rawar kai na ce ai ba sama kaɗai ba, har teku suke leƙawa.

Ya ɗago ya dube ni. "Ni da ko Legas ban taɓa takawa ba, me ya haɗa gonata da teku?"

Sai na gyara zama kamar wani malami. Na ce masa iskar da ke kawo mana hadari daga tekun Atlantika take tasowa, ta mashigin Gini, kuma ɗumin ruwan can yana da hannu a lokacin da damina za ta sauka nan. Tun 1997 Brazil da Faransa da Amurka suka haɗa kai suka kafa na'urori masu shawagi a tsakiyar tekun, shirin PIRATA, suna auna zafin ruwa da gishirinsa da iska. Ga na shirin Argo, kusan 4,000 a tekunan duniya, kowace ta nutse mita 2,000, duk kwana goma ta taso ta aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, kowa ya ɗauka kyauta. Irin wannan bayanin masanan ƙasashenmu ke zama a kansa kafin damina, har da na cibiyar AGRHYMET ta Yamai mai nazarin yanayi da noma.

Ya yi dariya da na ce kifi na taruwa ƙarƙashin na'urorin, masunta su bi kifin, wani lokaci su lalata su. "Ɗan'adam ke nan," in ji shi.

Can sai ya ajiye faifan. "Farin 1973 fa? Shi ma tekun ne?" Na ce masana sun gano daga baya cewa sauyin zafin tekuna na cikin abin da ya jawo shi. Ya daɗe bai ce komai ba. A shekarar ce suka rasa shanunsu duka, Inna ta sha ba mu labari, shi bai taɓa ɗaga zancen ba.

"To mu, wace ce tamu a cikin na'urorin?"

Na ce a raina, nan iliminka ya ƙare, ɗan boko. Na hau sosa ƙeya.

Sauran yinin ba labari. Layin mai, faci a tayar baya, Auta ta ƙona wake.

Da zan tafi ya ce in masu tekun sun ce ruwa zai yi jinkiri, in kira shi kafin Juma'a, kada ya yi binne a banza.