Daga Leeds Zuwa Scarborough a Jajiberin Wasan Kurket

Ranar jajiberin wasa na hau jirgin ƙasa a tashar Leeds da misalin ƙarfe biyu na rana, da 'yar jaka mai ɗauke da rigar sanyi da laima da dadduma, domin duk wanda ya san gaɓar tekun arewa maso gabashin Ingila ba ya yarda da hasken rana ko da a tsakiyar bazara ne. Ƙungiyar kurket ta Yorkshire, wato wasan da ɓangare ɗaya ke jifan ƙwallo ɗayan kuma yana bugunta da sanda don tara maki, tana da babban filinta a Headingley, kusa da inda nake zaune, amma a kowace shekara takan ɗauki wasu wasanninta na gasar gundumomi ta kai su Scarborough, kuma waɗannan wasannin ne nake ware wa hutuna tun daga farkon shekara.

Bayan mun wuce York, jirgin ya rage gudu yana bin lanƙwasar kogin Derwent, har muka hangi kangon tsohon gidan ibada na Kirkham a cikin ciyawa. A nan ne wani dattijo da ke zaune daura da ni, wanda ke da bajon farar fure a hularsa, wato alamar Yorkshire, ya lura da jadawalin wasanni a hannuna, ya tambaye ni yadda aka yi ɗan Najeriya ya kamu da son kurket. Na ce masa, "Baba, wasan ba baƙo ba ne a wajenmu kamar yadda ake zato, domin tun zamanin Kwalejin Katsina ɗalibai suna buga shi, kuma Sardauna Ahmadu Bello na cikin waɗanda suka buga." Ya gyaɗa kai, ya ce shi kuma mahaifinsa ne ya fara kawo shi Scarborough yana ɗan yaro. Daga nan hira ta ɓarke, ba mu yi shiru ba sai da jirgin ya tsaya a tashar ƙarshe.

Abin da muka fi daɗewa a kansa shi ne safiyar gobe. Wasan gasar gundumomi kwana huɗu ake yi ana fafatawa, ana farawa da ƙarfe goma sha ɗaya, kuma kowane ɓangare yana da damar bugu sau biyu. Sai dai a ganina, sa'o'i biyun farko su ne ke nuna inda wasan zai dosa, musamman a filin da ke dab da teku. Idan hazo ya taso daga ruwa ya lulluɓe gari, jar ƙwallon nan mai ɗinki takan karkace a iska kafin ta isa ga mai bugu, ta yadda zai kai sanda inda ya zata ƙwallon take, sai gefen sandar kawai ta taɓa ta faɗa hannun masu cafka a bayansa. Saboda haka na ce wa dattijon idan kyaftin ɗinmu ya ci ƙuri'ar jefa kwabo kuma sama na da gajimare, to ya miƙa wa baƙi sanda, ya saki masu jifanmu a kansu. Shi bai yarda ba. Ya ce dandamalin Scarborough, wato tsirin ƙasar da ke tsakiyar fili inda ake jifa da bugu, yana da tauri, ƙwallo na tashi daidai, kuma duk ƙungiyar da ta daure ta tsallake safiya za ta tara maki da yamma. Har yanzu ina kan ra'ayina, amma hujjarsa ta zauna mini a rai.

Daga tasha na taka da ƙafa zuwa titin North Marine, inda filin yake. Mutum zai iya wuce ƙofar bai sani ba, domin dogayen gidaje da masaukan baƙi sun kewaye wurin ta kowane gefe, sai ya leƙa ya ga koren fili ya buɗe a gabansa, da jerin bencina na katako, da tsuntsayen teku suna shawagi a sama. Na tarar da masu kula da fili suna ta kai da komo da injin daddale ƙasa a kan dandamalin tsakiya, na tsaya ina kallonsu na tsawon lokaci. Tun 1876 ake bikin kurket na shekara-shekara a garin nan, kuma a wannan filin ne Don Bradman, shahararren mai bugu na Ostireliya, ya ci maki 153 a watan Satumba na 1948, a ƙarshen rangadinsa na ƙarshe a Ingila.

Goyon bayan Yorkshire yana da nauyi. A cikin gundumomi 18 da ke gasar, wadda aka tsara a hukumance tun 1890, babu wadda ta kai ta yawan ɗaukar kambi, domin ta ɗauka sau 32 ita kaɗai, ta kuma raba sau ɗaya. Amma na ƙarshe sun zo ne a 2014 da 2015, kuma tun daga lokacin magoya baya suna jiran a sake. Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, gwanayen da suka taso a gundumar, irin su Joe Root da Harry Brook, yawancin bazara suna can suna buga wa Ingila, don haka nauyin yakan faɗa kan matasa da 'yan wasan da sunansu bai yi nisa ba. Duk da haka su nake ɗokin gani gobe. Yaron da zai tsaya awa biyar a gaban masu jifa, yana barin ƙwallon da ba tasa ba ta wuce, yana jiran wadda za ta zo masa daidai, ya fi burge ni a kan duk wani dukan da ake yi a gajerun wasannin dare. Ban raina gajerun wasannin ba, na san su ne ke kawo kuɗi da yara filin wasa, amma tun da aka fara gasar gajerun wasanni ta The Hundred a 2021 ta mamaye watan Agusta, sai aka tura yawancin wasannin kwana huɗu zuwa sanyin Afrilu da Mayu da Satumba, kuma wannan yana yi mini ciwo ƙwarai.

Fatana a wannan karon shi ne nasara cikakkiya, mai maki 16 a teburin gasar da ƙarin makin bugu da na jifa, ba canjaras da ruwan sama zai tilasta ba. Idan masu jifanmu suka fitar da masu bugu huɗu na baƙi kafin hutun cin abinci na ƙarfe ɗaya, zan tafi sallar Azahar da kwanciyar hankali.

Da yamma na sauka bakin ruwa ta ɓangaren arewa, na sayi soyayyen kifi da dankali, na zauna ina kallon kangon ganuwar da ke bisa dutsen da ya raba gaɓar garin biyu. Kafin in tashi, wani farin hazo ya fara tattaruwa can nesa a kan teku, iska kuma ta juyo daga gabas. Na koma masauki na yi sallah, na saita agogo ƙarfe bakwai, domin ina so in riga jama'a isa ƙofa in sami benci a bayan mai jifa, inda ake ganin karkacewar ƙwallo sosai.