Misis Gamp, Mis Bates da sauran mutanen gefen labari

In aka tambaye ni yau abin da Martin ya yi a cikin Martin Chuzzlewit na Charles Dickens, iyakar abin da zan ce shi ne ya ɓata da kakansa, ya tafi Amurka, zazzaɓi ya kusa kashe shi, ya dawo Ingila ya yi hankali. To shi ne mai sunan littafin. Amma Misis Gamp, wadda sai labari ya yi nisa take leƙowa, zan iya kwana ina ba ka labarinta.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti nan Kaduna, kuma yawancin karatuna na dare ne. In an gama rabon magani, an duba ruwan da aka ɗaura wa marasa lafiya, masu jinya sun shimfiɗa tabarminsu a baranda, sai in jawo littafi daga jaka. Galibinsu a wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titin Ahmadu Bello na saye su, wasu bangon ya fita, wasu da sunan wani ɗalibi a shafin farko. A irin wannan daren na fara haɗuwa da Misis Gamp, ita ma tana aikin dare.

Ungozoma ce a Landan, tana jinyar haya, kuma ita ake kira in an yi mutuwa ta kintsa gawa. Dickens ya ce da fara'a ɗaya take zuwa gidan haihuwa da gidan rasuwa. Tsohuwa ce mai jiki, murya a shaƙe, hanci ja, kullum da tsohuwar laima da warin barasa. Akwai wurin da ta karɓi aiki daga abokiyarta Betsey Prig mai aikin rana, a wani masauki inda wani saurayi yake kwance zazzaɓi ya juya masa kai. Abin da ta fara yi shi ne ta lissafa wa 'yar aiki abincin da za a kawo mata: kifi, kokwamba, giya. Da ta ci ta ƙoshi ta zo kwanciya, ta ji kujerar da tauri, sai ta zare matashin da ke ƙarƙashin kan mara lafiyar ta sa wa kanta.

Wallahi raina ya ɓaci a wurin nan, har na rufe littafin na tashi na zaga gadajen ɗakina. Kuma ba ƙage Dickens ya yi ba. Littafin ya fito kashi-kashi tsakanin 1843 da 1844, lokacin da ba kasafai ake koyar da jinya a matsayin sana'a ba, duk matar da ta rasa abin yi tana iya shiga. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa irin Misis Gamp ake samu in talaka ya kwanta ciwo ya nemi mai kula da shi. Makarantar koyar da jinya ta Florence Nightingale a asibitin St Thomas da ke Landan ba ta buɗe ba sai 1860.

Abin da ya hana ni tsanarta shi ne Misis Harris. Da wuya Gamp ta buɗe baki ba ta kawo maganar wannan aminiya tata ba, kuma kullum maganar yabo ce. Misis Harris ce ta ce babu mace mai kamun kai irin Gamp da za a samu a sule da sisi a yini in gidan talaka ne, sule uku da sisi in gidan masu hali ne, kuɗin dare daban. Misis Harris ce ta shaida cewa Gamp ba ta shan komai sai ɗan abin da za ta jiƙa leɓe. Sai dai babu wanda ya taɓa ganin matar nan, babu wanda ya san gidanta. Ranar da suka yi faɗa da Betsey Prig a kan wani aiki, bayan sun sha abin da Gamp take ɓoyewa a butar shayi, Betsey ta dube ta ta ce ita ba ta yarda akwai wata Misis Harris a duniya ba. Gamp ta rikice, tana rantsuwa shekara 35 ke nan da saninta da matar.

Ana dariya a wurin, ni ma na yi. Amma ka duba: bazawara ce, ita kaɗai a ɗakin haya a saman shagon mai sayar da tsuntsaye, aikinta jini da amai da gawa, babu mai cewa sannu. Sai ta ƙera wa kanta mai cewa sannun. Duk wadda ta taɓa fitowa daga aikin dare da asuba, ƙafa a kumbure, ta tsaya jiran Keke Napep ba wanda ya san abin da ta gani, za ta gane inda Misis Harris ta fito, ko da ba za ta taɓa yafe zancen matashin nan ba.

Ba dukansu ne masu nauyi haka ba. Kawu Podger na Three Men in a Boat, labarin mutum uku da suka yi tafiya a jirgin ruwa, wanda Jerome K. Jerome ya fitar a 1889, bai ma shiga jirgin ruwan ba, labarinsa kawai aka bayar cikin 'yan shafuka. Hoto zai rataye a bango, ya ce kowa ya bar masa. Ya aiki 'yar aiki sayen ƙusa, ya tura yaro ya bi ta ya gaya mata girman ƙusar. Wannan ya riƙe tsani, wancan ya riƙe kyandir. Hoton ya faɗi, gilashi ya yanke shi, aka tashi gida kaf neman kwat ɗinsa don hankici yana ciki, ashe a kai yake zaune. Sai tsakar dare hoto ya hau, a karkace, bango duk ya farfashe. Na fassara wa yarana shi wani dare da aka ɗauke wuta, ƙaramar ta riƙe ciki tana cewa, "Umma, don Allah sake karanto wurin kwat ɗin." Haka Joe na The Pickwick Papers, yaron nan mai ƙiba da barci ke ɗauke shi ko a tsaye yake. Waɗannan dariya ce zalla, kuma ta ishe su.

A littafin Pickwick ɗin ne ma ɗan gefe ya ƙwace gida. Dickens yana da shekara 24 lokacin da ya fara fitar da shi wata-wata a 1836, kuma kasuwa ba ta karɓa ba, 'yan ɗaruruwa ake sayarwa. A fitowa ta huɗu sai ga Sam Weller yana goge takalma a farfajiyar wani masauki. Mutane suka so bakinsa, Dickens ya mai da shi yaron Mista Pickwick, kafin a gama ana sayar da wajen kwafi 40,000 kowane wata.

E. M. Forster, a littafinsa na 1927 kan yadda ake gina labari, ya kasa mutanen labari gida biyu: waɗanda jimla ɗaya ta isa ta bayyana su, da waɗanda suke iya ba ka mamaki. Kusan duk mutanen Dickens ya zuba su a gidan farko. Na yarda da shi a kan Joe. Ban yarda a kan Gamp ba. A kan Jane Austen kuwa ba mu da saɓani, don ya ce nata mutanen, ko ƙanana ne, suna da zurfi.

Mis Bates ta littafin Emma, na 1815, ita ce hujja. 'Yar tsohon limamin cocin garin ce, ba ta yi aure ba, arziki ya ja baya, tana zaune da tsohuwar uwarta a ɗan ƙaramin gida. Surutu gare ta kamar famfon da ya lalace, ta fara da tuffa ta faɗa wasiƙar 'yar 'yar'uwarta Jane ta koma godiya ga maƙwabta, shafi guda ba numfashi. Ranar da aka fita shan iska Box Hill, aka yi wasan cewa kowa ya faɗi magana ɗaya mai hikima, ko biyu matsakaita, ko uku marasa kan gado. Mis Bates ta yi dariya ta ce ita kam ta huta, da ta buɗe baki ukun za su fito. Emma, yarinya mai kuɗi mai kyau, ta ce matsalar dai ita ce uku kacal aka yarda a faɗa.

Ba ta gane nan take ba. Da maganar ta shige ta, fuskarta ta canza, ta juya wurin Mista Knightley, tsohon aminin gidan su Emma, ta ce za ta yi ƙoƙari ta riƙa kama bakinta, lallai ta zama abin ƙi tunda har aka gaya wa tsohuwar abokiya haka. Ba ta rama ba, kanta ta ɗora wa laifi. Nan ne wurin ya fi ciwo. Knightley ya tare Emma ita kaɗai ya tuna mata cewa matar nan matalauciya ce, in ta tsufa abin zai ƙara taɓarɓarewa, kuma ta san Emma tun tana jaririya, lokacin da kulawar Mis Bates abin alfahari ce. Emma ta yi kuka har gida.

Muna da irinta a kowane ɗakin jinya: gwaggon da ta zo zaman jinya, ta tare ka da labari tun daga motar da ta hau a Kawo. Na koyi tsayawa in saurara, domin sau da yawa a tsakiyar zancen ne za ta ambaci jiƙon da aka ba mara lafiya a gida, wanda kowa ya ɓoye wa likita.

Austen ma haka ta yi da Mis Bates. Babban sirrin littafin shi ne Jane da wani saurayi, Frank Churchill, sun yi alkawarin aure a ɓoye suna musayar wasiƙu. Wata rana Frank ya yi suɓutar baki, ya tambayi labarin keken dokin da Mista Perry mai magani yake shirin saya, da aka ce ba wanda ya rubuta masa haka sai ya ce mafarki ya yi. Mis Bates, cikin surutunta, ta ce ai maganar gaskiya ce, matar Perry ta gaya wa mahaifiyarta a asirce, kuma Jane ta ji lokacin da tsohuwar ta ba su labarin bayan sun dawo gida. Ta tona komai a gaban kowa, amma Knightley kaɗai ya juya yana neman fuskar Jane.